Yoyon Fetur a Bututun Rabon Mai

A injin mota na zamani akwai bututun ƙarfe da ke rarraba fetur ga injektoci, da matsin da ya ninka na iskar duniya kusan sau 3. Idan aka sauya shi da wanda ba na asali ba, ramukansa kan saɓa da zobban robar da ke toshe bakin injektocin. Sai fetur ya riƙa ɗiga bisa inji mai zafi, abin da kan haddasa gobara.

Gam ba ya maganin wannan yoyo. Ƙwararren makaniki kan zare fis ɗin famfon mai, ya bar injin ya mutu don matsin ya sauka, ya cire batir. Sannan ya sanya sababbin zobba daidai awo, na robar Viton mai jure fetur, ya shafa musu man inji kada su yage. Bayan ya mayar da komai, sai ya murɗa makulli, ya duba ɗigo kafin ya tayar da injin.