Wanda Ya Ƙi Amsa Sammaci Ya Kayar da Kansa

Daga cikin ɗabi'un da suka yi wa mutanenmu katutu, suke kuma jawo musu hasarar dukiya da zubewar mutunci ba gaira ba dalili, da wuya a sami wadda ta kai sakaci da sammacin kotu, domin sau da yawa mutum yana riƙe da gaskiya, ga shaidu ga takardu, amma sai ya wayi gari an yanke hukunci a kansa, saboda kawai ya ƙi zuwa ya buɗe baki a inda buɗe bakin yake da amfani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani mai sayar da hatsi a unguwarmu, wanda abokin cinikinsa ya kai ƙara a kan kuɗin buhunan masara, alhali kuwa ya riga ya biya mafi yawan kuɗin, rasit ma yana cikin akwatinsa. Da ma'aikacin kotu ya kawo sammaci gida, sai ya sa yaro ya ce ba ya nan. Da aka riske shi a rumfa, ya karɓa yana harara, ya cusa ƙarƙashin tabarma. Da yamma ya kai maganar majalisa, sai 'yan ba da shawarar kyauta suka ce masa, "Kai Alhaji, ƙyale su, in sun gaji sa bari. Mutum kamarka a gan ka a kotu?" Alƙali ya ɗage shari'ar, aka sake aiko wa mai hatsin da sanarwar ranar zama, ya yi kunnen uwar shegu. Mai ƙara ya gabatar da shaidunsa ba mai musa musu, aka yanke hukunci a biya kuɗin duka, har da wanda aka riga aka biya. Bai farga ba sai ranar da ma'aikatan kotu suka zo ƙididdige kayan rumfarsa domin a yi gwanjonsu, daga nan ya shiga kukan an zalunce shi, har yana ƙazafin cewa an sayi alƙali. Subhanallahi! Wane alƙali ne zai san akwai rasit a cikin akwatin da ba a buɗe a gabansa ba?

Ya kamata jama'a su fahimci cewa Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya wajabta cewa duk wanda za a yanke hukunci a kan haƙƙinsa ko abin da ake binsa, to, a saurare shi da adalci cikin lokacin da ya dace, a gaban kotun da ba ta karkata ga kowa ba, kuma a bainar jama'a. Sammaci shi ne hanyar da wannan alkawari yake isowa ƙofar gidan talaka, don haka ne ma hukuncin da aka yanke ba tare da an isar wa mutum da sammaci ba yake zama ɓatacce, ana iya neman a rushe shi. Amma fa abin da kundin ya lamunce maka dama ce. Idan aka ba ka ita ka yi watsi da ita, ba ka da bakin cewa an hana ka. Ɓuya kuwa ba ta tsirar da kowa, gama kotu tana da ikon ba da izini a liƙa takardar a ƙofar gidanka ko a buga ta a jarida, a kuma ɗauka ta same ka.

Kada wani ya zaci wannan tsari baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malamanmu na Malikiyya, waɗanda alƙalanmu suke karanta littattafansu irin su Tuhfa ta Ibnu Asim, sun shimfiɗa cewa hujja tana kan mudda'i, watau mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, kuma alƙali ba ya zartar da hukunci sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukuncin zai faɗa wa ko yana da sauran hujja. To, yaya za a yi i'izari ga wanda ya gudu? Su ma malaman sun halatta a yi hukunci a kan ga'ibi, watau wanda bai halarta ba, bisa sharuɗɗa, don kada mai taurin kai ya danne haƙƙin mutane da rashin halarta.

Saboda haka, idan sammaci ya zo maka, karɓe shi, ka duba sunan kotun da ranar zama da abin da ake nema a wurinka. In ba ka iya karatu ba, ka kai wa amintacce ya karanta maka a ranar, kada ka bari sai gobe. Ka tattara rasit da takardar yarjejeniya, ka sanar da shaidunka tun da wuri. In rashin lafiya ko tafiya ta hana ka, ka aika wakili ko lauya da uzurinka a rubuce. In ba ka da halin ɗaukar lauya, doka ba ta hana ka tsaya wa kanka ba, akwai kuma Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 domin marasa hali. In kuwa an riga an yanke hukunci, ka garzaya, domin ɗaukaka ƙara tana da wa'adi: daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne ga hukuncin ƙarshe, a ƙananan kotuna kuwa galibi kwana 30 ne.

Ina kira ga limamai da masu unguwanni da shugabannin kasuwa su riƙa faɗakar da mutanensu cewa amsa kiran alƙali ba abin kunya ba ne, wajibi ne a shari'a da doka, kuma duk mai ba ɗan'uwansa shawarar ya ɓoye sammaci, ya sani yana da kamasho a cikin hasarar da za ta biyo baya.