Gullisuwa, Goro da Cakulan Ɗin da Ba Ya Narkewa

A kusan kowane ɗakin kwanan ɗalibai akwai mutum ɗaya da ya ɗauka cin baƙin cakulan mai ɗaci shi ne wayewa, mai son gullisuwa ko tuwon madara kuwa bai fito gari ba tukuna. Ni dai in faɗa muku tun yanzu, gullisuwa ce gwanata. Cakulan mai madara na bin bayanta, TomTom kuma sai ranar da mura ta kama ni. Amma shekara biyun da na yi a sashen kimiyyar abinci sun nuna mini cewa yawancin masu wannan musu ba su san abin da suke tauna ba, kuma kuɗinsu ne ke tafiya a kai.

Mu fara da shi kansa cakulan. Daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya. Asalin itacen daga nahiyar Amurka ta Kudu yake, kuma mutanen da suka fara amfani da shi a can da yankin Meziko sha suke yi, da ɗacinsa, har da barkono a ciki. Yau Kwaddibuwa da Gana su biyu kaɗai ke noma fiye da rabin kokon duniya. Nijeriya ma tana cikin manyan masu nomansa, musamman jihohin Ondo da Kuros Riba, kuma da kuɗinsa aka gina dogon benen nan na Ibadan, Gidan Koko, a 1965.

Ɗanyen ƙwayar koko ba ta da ƙamshin cakulan ko kaɗan. Sai an fasa ƙwallon, an tara ƙwayoyin da farin naman da ke jikinsu, an lulluɓe da ganyen ayaba kwana biyar zuwa bakwai sun tsimu, sannan a shanya, a gasa, a niƙa. Duk wadda ta taɓa ganin yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ta riga ta fahimci rabin aikin. Shi ya sa nake dariya idan na ga mai yamutsa fuska saboda warin daddawa tana lumshe ido a kan cakulan. Ɗan'uwanta ne, makaranta kawai ya yi a Turai.

To ga inda maganar take. Kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne, kuma wannan man yana da wata ɗabi'a da ba kowane mai ke da ita ba. A ɗaki mai sanyi ƙanƙare yake, in ka karya shi ya ce ƙas, amma da zafi ya kai wajen digiri 34 sai ya narke gaba ɗaya. Jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 ne. Wato da ka ɗora shi a harshe ba sai ka tauna ba, shi da kansa zai saki jiki, ƙamshin ya haura hanci, bakinka ya ɗan yi sanyi. Wannan narkewar ita ce abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Yanzu ku tuna da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Ku tuna da teburin mai tireda a bakin get, rana na dukan kayansa tun hantsi har la'asar, ga cakulan a jere garau, bai ko lanƙwasa ba. Ta yaya? Amsar ita ce yawancin irin wannan babu man koko a cikinsa, ko kuma ɗan kaɗan ne. An cire shi, domin shi ne mai tsada, an sa garin koko, sukari da daskararren man kwakwar manja, dangin alayyadi, wanda aka sarrafa don ya jure zafi. Ba guba ba ne, ba kuma laifi ba ne sayar da shi in an rubuta gaskiya a jikin ledar. Sai dai idan ka ci za ka ji wani maiƙo ya manne maka a ganɗa kamar ka tauna kyandir, saboda man bai gama narkewa a zafin bakinka ba. Da yawa daga cikin masu cewa cakulan bai dame su ba, wannan suka sani. Da yawa kuma daga cikin masu yi mana yanga, shi suke saya da tsadar na gaske.

Ganewa ba wuya. Ka'ida ce a jera kayan haɗi a bayan leda daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. In ka ga sukari a farko, man kayan lambu na biye, koko can wajen na huɗu, ka san me ka riƙe. In babu lokacin karatu, ɓallo ɗan guntu ka damƙe a tafin hannu minti ɗaya. Na gaske zai ɓata maka hannu. Shi kuma wannan fari-farin da kan fito a jikin cakulan bayan wuta ta ɗauke firji ya huce sannan ya sake sanyi, ba fumfuna ba ce. Man ne ya narke ya taso sama ya sake daskarewa. Ana ci, illa dai santsin ya tafi.

Saura batun ɗaci, wanda shi ne tushen gardamar. Lambar nan da ake rubutawa, kashi 70 ko 85 cikin ɗari, tana nufin yawan abin da ya fito daga ƙwayar koko, ragowar kuma galibi sukari ne. Yadda lambar ke hawa haka ɗaci da bauri ke ƙaruwa. Cakulan mai madara kuwa sai a 1875 aka samo shi, lokacin da wani mutumin Suwizalan, Daniel Peter, ya yi nasarar haɗa madara da koko, kuma har gobe shi ne abin da yawancin yara ke fara so a ko'ina.

Son ɗaci koyonsa ake yi, kuma mu Hausawa bai kamata a ba mu labari ba. Goro da koko dangi ɗaya ne a tsirrai, kuma dukansu suna ɗauke da sinadaran da ke wartsake mutum su kore barci. Ba yaron da ya fara cin goro ya ce da daɗi. Amma kakata, in an ba ta zaɓi tsakanin farin goro ɗaya da kwalin alewa, ko kallon kwalin ba za ta yi ba. Ta san daga ɗacin nan akwai wani zaƙi da ke biyo baya, musamman in aka kurɓi ruwa. Abin da mai cin baƙin cakulan ke nema ke nan, ba ƙari. Bambancin kawai ita kakata ba ta taɓa ɗaukar hoton goronta ta ɗora a Instagram ba. Akwai kuma gado a ciki, domin wasu an halicce su suna jin wasu nau'o'in ɗaci da ƙarfi fiye da sauran mutane, don haka abin da kai ka ji daidai, ita abokiyar zamanki ta ji kamar maɗaci.

Su ma waɗanda muke kwaikwayo ba su daidaita a tsakaninsu ba. Cakulan ɗin Hershey, wanda Amurkawa suka tashi da shi, yana da wani ɗan tsami-tsami da Turawan Ingila da yawa ke cewa kamar madara ce ta kwana. Ba'amurke kuwa wannan tsamin shi ne ɗanɗanon yarintarsa.

Ita gullisuwa fa, me ya sa take sa mutum santi? Madarar gari ce da sukari, a kwaɓa, a mulmula ƙanana, a soya a mai. Zafin yana haɗa sukarin da furotin ɗin madarar, launi ya koma ja-ja, gardi da ƙamshi su fito. Irin wannan haɗuwar ce dai ke faruwa a gashin ƙwayar koko, da ɓawon burodi, da tsire. Tuwon madara ba a soya shi, shi ya sa yake fari kuma zaƙinsa ya fi fitowa fili. Iloka tana tsakiya, an dafa ta har ta yi danƙo. Kayan haɗin kusan ɗaya ne, wuta ce ta raba su, kuma matar da ke yin su a cikin gida tana gane lokacin saukewa da ido da hanci, abin da mu muke ta fama da ma'aunin zafi a ɗakin gwaji kafin mu dace.

TomTom kuma dabara ce daban. Sinadarin na'a-na'a da ke cikinsa ba ya sanyaya maƙogwaro, jijiyoyin da ke jin sanyi yake taɓawa su kai wa ƙwaƙwalwa rahoton ƙarya. Shi ya sa ruwan randa ke zama kamar na ƙanƙara bayan an sha shi. Amma ga masu jefa ɗaya bayan ɗaya a daren jarrabawa, ku sani cewa a wajen haƙori daɗewar sukari a baki na ɓarna ƙwarai, ba yawansa kaɗai ba. Minti mai tauri yakan yi minti goma yana wanka da haƙoranka, cakulan kuwa ya narke ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokali goma sha biyu, kuma kwalbar lemo ɗaya ta riga ta cinye fiye da rabin wannan kafin a zo kan alewa.

A 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba, bayan cuta da rikicewar damina sun lalata amfanin gona a Gana da Kwaddibuwa. In koko ya yi tsada, hanyoyin da suka rage wa mai sarrafawa su ne ya ƙara kuɗi, ya rage girman sandar, ko ya rage man koko ya cike da wani man. Na ukun ne ba a gani sai an juya bayan leda.