Sayen gida a birni: mai shiri ke samu

A Maradi, Damagaram da Yamai, masu neman gida sun fi gidajen sayarwa yawa. Saboda haka mai gida ke zaɓen mai saye, kuma ba kullum mai babban tayi ke samu ba. Wanda bashi ko rabon gado ya matsa wa ya fi son mai kuɗi a hannu bisa ga mai cewa "sai kaka". Mai shiri yakan zo da shaidunsa, ya yanke la'adar dillali tun farko. Amma kada gaggawa ta hana shi binciken takardar filin a ma'aikatar magajin gari. In gidan gado ne, sai dukan magada sun sa hannu. In ba haka ba, gobe sai gaban alƙali.