Tsutsar da Ta Bar Gawa

Duk mahaucin da ke fawa a Zongon Lome ya san koren ƙudan nan mai ƙyalli. Kafin a gama fiɗa ya iso. Abin da ke kawo shi wurin nama shi ke kai shi kan gawa: yana neman inda zai zuba ƙwai, a ido, a hanci, a baki ko a cikin rauni. A zafi irin na bakin teku, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Tsutsar ta yi ta ci, ta yi saɓa sau biyu, har ta ƙoshi.

Da ta ƙoshi sai ta bar gawar. Takan rarrafa 'yan mitoci ta nutse a ƙasa, fatarta ta ƙandare ta zama kwanso mai duhu kamar kashin ɓera, a ciki take rikiɗa ta zama ƙuda. In rairayi ne mai laushi ba ta nisa. In daɓen siminti ne, sai ta yi ta tafiya har ta sami tsaga ko ƙarƙashin tabarma.

Mu da muke gaggauta kai mamaci makwanci ba mu cika ganin wannan ba, sai a gawar da aka tsinta a jeji ko a kulle a ɗaki. A nan mai bincike ke son sanin yaushe aka mutu, kuma shekarun tsutsa, wato kwanakinta, su ne ma'auninsa, bayan ya san zafin wurin, domin zafi ke gaggauta girmanta. Sai dai tsutsar da ta fi tsufa ita ce ta riga tafiya. Wanda ya ɗebi ta jikin gawa kaɗai ya ɗebi ƙanne, lissafinsa zai gaza da kwanaki. Dole ya tona ƙasar kewaye, ya tankaɗe ta. In kuma aka ɗauke gawar aka sauya mata wuri, kwansunan na nan a inda ta fara kwanciya.

Akwai mai dagula lissafi: tsutsar Chrysomya albiceps, wadda ta yawaita a Afirka, tana cin tsutsotsin wasu ƙudaje, har a rasa waɗanda suka fara zuwa.

Gano lokacin mutuwa ta hanyar ƙwari ba sabon abu ba ne. A 1850 aka tsinci busasshiyar gawar jariri a bayan murhun wani gida a Arbois ta Faransa. Likita Bergeret ya duba ragowar ƙwarin da ke jikinta, ya ce mutuwar ta faru tun 1848, zargi ya koma kan waɗanda suka zauna a gidan a lokacin.