Birnin Damagaram da ganuwarsa

Duk mutumin Waca da ya taɓa zuwa Zinder ya san unguwar da ake kira Birni. Can fadar Sarkin Damagaram take. Amma ba kowa ya san mafarin sunan ba. A da, ba a ce wa gari birni sai an kewaye shi da ganuwa.

Sarki Tanimun ne ya gina ganuwar Zinder. Ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884. A zamaninsa Damagaram ta yi ƙarfi ƙwarai. Ƙasashen Sosebaki, wato Mirya da Waca da Dungas, duk suna ƙarƙashin ikonta. Sarkin da ke yaƙi gabas da yamma kuwa, tilas ya nemi wurin da zai kwana lafiya.

Da me aka gina ta? Da ƙasa, irin wadda kowa ya sani. Ana kwaɓa ƙasa da ruwa, a mulmula tubali da hannu, a shanya su a rana. In sun bushe, magina su jera, su bi da laka. Gindin ganuwar yana da kauri sosai, tana tashi tana sirancewa. Haka ne ya sa ta iya ɗaukar nauyin kanta. Tsawonta ya kai wajen metir 10, wato kamar a ɗora mutum shida bisa juna. Ba siminti, ba mota. Da ka aka ɗauko ƙasar da ruwan, kuma talakawa da bayi ne suka sha wannan wahala.

An yi mata ƙofofi, ana rufe su da dare. Tanimun ya sa maƙeran garin suka ƙera masa igwa. Fataken Buzaye masu raƙuma su kuwa suna sauka a waje, a Zango.

Abin mamaki, ranar da babban abokin gaba ya zo, ganuwar ba ta yi aiki ba. A 1899 Sarki Amadu Kuran Daga ya fita ya tari sojan Faransa a Tirmini. Bindigoginsu suka fi ƙarfin dawakinsa. Suka shiga Zinder, suka gina barikinsu bisa duwatsu. Garin ya zama babban birnin Nijar har 1926, lokacin da aka koma Yamai.

Daga nan aka daina gyaran ganuwa. Ginin ƙasa kuwa, in ba a yi masa yaɓe ba, damina ce ke cinye shi. Yau sai guntaye suka rage nan da can.

Fada ita tana nan tsaye, domin ba a bar ta ba. Sarki yana ciki, ana zaman fadanci, ana gyara ta. A 2006 gwamnatin Nijar ta miƙa sunan Birni da fadar ga hukumar UNESCO, tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.