FASHIN BAƘI: Yadda ake bin salsalar tsohuwar mota, daga lambar jikinta zuwa hannun mai ita na farko

A garuruwan da ke kan hanyar Ƙaura Namoda zuwa Zurmi, Gurbin Ɓore da Jibiya, ba a rasa gidan da aka jingine wata tsohuwar Marsandi ko Fijo ko Land Rover a ƙarƙashin rumfa. Kowacce da labarin da ke bin ta: wannan ta wani hakimi ce, waccan wani Bature ne ya bari, ɗayar kuma an ce wani minista na Jamhuriya ta Farko ya taɓa hawa. Yanzu da masu sha'awar tsofaffin motoci ke neman irinsu, labarin ya zama wani ɓangare na farashi.

Sai dai labari ba hujja ba ne. Wanda ya sayi mota bisa zancen dillali kaɗai yana iya rasa motar da kuɗinsa, wani lokaci har ya tsinci kansa gaban alƙali. Bin salsalar mota aiki ne mai matakai: a fara da ƙarfe, a bi takarda, sannan a ƙare da mutane.

Me ake nufi da salsalar mota?

Ana nufin jerin hannayen da mota ta bi tun daga masana'anta har zuwa yau, tare da shaidar yadda ta fita daga kowane hannu: saye, kyauta, gado ko gwanjo.

Misalin da aka fi sani a Najeriya shi ne baƙar Mercedes-Benz da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Tana Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, da ramukan harsasai a jikinta. Ba a gardama a kanta domin ba ta taɓa ɓacewa daga idon hukuma ba. Yawancin tsofaffin motocin Arewa ba su sami wannan gata ba. Sun bi hannu biyar ko goma, kuma a kowane sauyi ana iya samun giɓi.

Mataki na farko: abin da ƙarfe ya ce

Takarda ana iya buga ta a kowane shagon kwamfuta, amma lambar da masana'anta ta daka a jikin ƙarfe tana da wuyar sauyawa ba tare da barin tabo ba. Don haka daga nan ake farawa.

Tun daga 1981, motocin da ake sayarwa a Amurka ke ɗauke da lamba mai gurbi 17 da ake kira VIN, kuma tsarin ya bazu a duniya. Gurabe uku na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera motar: WDB na Mercedes-Benz ne, VF3 na Peugeot. Ba a sa haruffan I, O da Q a ciki, domin kada a rikita su da 1 da 0. Duk takardar da ta nuna ɗaya daga cikinsu a lambar VIN, ko dai kuskuren marubuci ne ko aikin mai jabu. A motocin kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma yana nuna shekarar samfurin.

Motocin da suka girmi 1981 kuwa kowane kamfani da tsarinsa. A Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, tsohuwar lambar tana farawa da 123, sannan adadin da ke nuna irin jiki da inji.

Lambar tana wurare fiye da ɗaya: a ɗan farantin da aka manna a ɗakin inji ko a bakin ƙofa, da kuma wadda aka daka a ƙarfen kansa. Dole su yi daidai da juna da kuma takarda. Sabon fenti a daidai wurin lamba, alamar walda, ko ƙusoshin faranti da suka fi motar sabunta, duk dalilai ne na kiran bakanike mai idon sani. Bambancin lambar inji kaɗai ba laifi ba ne, domin da wuya motar da ta shekara arba'in a hanyoyinmu ta tsira da injinta na asali. Amma ya kamata a ga rasit ɗin injin da aka sauya.

Mataki na biyu: kundin masana'anta

Manyan kamfanoni suna ajiye tarihin abin da suka ƙera. Sashen tarihi na Mercedes-Benz a Jamus yana riƙe da katin bayanin tsofaffin motocinsa, mai nuna lambar inji, launin fenti, kayan da aka sa wa motar da kasuwar da aka yi odarta. A Gaydon da ke Ingila akwai cibiyar adana tarihin motocin Birtaniya, wadda ke ba da takardar shaida kan motoci irin su Land Rover daga littattafan masana'anta. Ana biyan kuɗi, kuma wasu sukan nemi shaidar cewa mai tambaya shi ne mai motar.

Amfanin wannan mataki shi ne raba motoci gida uku. Akwai waɗanda aka kawo sababbi ta hannun kamfanoni irin su Leventis da SCOA. Akwai waɗanda aka harhaɗa a gida, kamar Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta fitarwa shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Sannan akwai 'yan Kwatano, waɗanda suka yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso.

Kowane gida da takardar da ta dace da shi. Ba za a nemi takardar kwastan a kan 504 ta Kaduna ba, domin ba ta ƙetare iyaka ba. Haka kuma, idan kundi ya nuna an sayar da mota sabuwa a Jamus ta kuma daɗe a can, zancen cewa wani sarki ya saye ta sabuwa ya faɗi.

Mataki na uku: ta ina ta shigo?

Ga mutanen arewacin Zamfara wannan ita ce tambaya mafi nauyi. Daga Gurbin Ɓore, Jibiya na nan kusa, daga can kuma sai Maraɗi. Shekaru da dama motocin da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna haurowa ta Gaya zuwa Nijar, sannan su gangaro Najeriya. Wasu sun biya kuɗin fito, wasu ta ɓarauniyar hanya suka bi.

A nan ranaku suna tona asiri. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu, 2017. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin gaba ɗaya; an buɗe ta Illela a Disamban 2020, ta Jibiya kuma sai Afrilun 2022. Saboda haka takardar da ke cewa an biya wa mota fito a Jibiya a 2018 ko 2021 tana buƙatar bayani mai ƙarfi. Ba a dogara da kwafin da mai sayarwa ya miƙa. A kai lambar takardar ofishin kwastan a tabbatar tana cikin na'urarsu, kuma lambar jikin motar ce a kanta. Bashin fito yana bin mota, ba mutum ba: ko kai ne mai saye na shida, a hannunka za a kama ta.

Idan motar ta taɓa rajista a Nijar, a nemi takardar mallakarta ta can, wadda ake kira carte grise. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito kuma tana da VIN, kamfanoni irin su Carfax suna sayar da rahoton haɗurra da sauyin hannu ta intanet. Rahotonsu bai shafi motocin da suka girmi 1981 ba.

Batun sata kuwa ba tatsuniya ba ce. A watan Mayun 2024 hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta ce an gano motoci sama da 1,500 da aka sace a Kanada a sassan duniya cikin 'yan watanni bayan haɗa bayanan ƙasar da rumbunta. A Satumban shekarar, hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Galibinsu na zamani ne, amma hanyar binciken ɗaya ce: lambar jiki.

Mataki na huɗu: tarihin ƙasa a matsayin ma'auni

Wanda ya san tarihin Najeriya yana riƙe da awon da dillali bai sani ba.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Kafin nan yawancin motocin da ake kawowa sitiyarinsu na dama. Motar da aka ce ta Jamhuriya ta Farko ce amma sitiyarinta na hagu, sai a duba ko an juya shi, ko daga ƙasar renon Faransa ta fito. Naira ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairu, 1973, don haka rasit ɗin 1970 da aka rubuta da naira jabu ne. Yankin Zurmi da Shinkafi yana cikin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, ya koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan aka ƙirƙiri Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Hatimin "Jihar Zamfara" a takardar 1990 ya gama magana. Wannan kuma yana nuna inda za a nemi tsohuwar rajista: ta kafin 1996 a Sakkwato ya kamata a fara nemanta, ba a Gusau ba.

Ga motar da ake dangantawa da En'e ko gwamnati, akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Tsohon hoto a jarida da ya nuna lambar mota ƙarara ya fi rantsuwa goma.

Mataki na biyar: mutane

A ƙauye, tsohon direba da bakanike da mai unguwa sukan san abin da takarda ba ta sani ba. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da gidajensu, takardu da yawa sun ƙone ko sun salwanta, kuma rashin takarda ba ya nufin sata. A irin wannan hali a nemi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu. Amma a sani cewa rantsuwa maganar mai rantsuwa ce kawai. Tana ƙarfi ne idan shaidu da lambar ƙarfe sun mara mata baya. A ji daga bakin mutum biyu da ba su da rabo a cinikin, kowa daban.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne gado. Tsohuwar motar mamaci dukiyar magada ce baki ɗaya har sai an raba. Ɗa ɗaya ba shi da ikon sayar da ita don kawai makulli na hannunsa. A nemi takardar rabon gado ko amincewar sauran magada a rubuce, har da mata.

Dokar ƙasa da fiƙihun Malikiyya sun haɗu a nan: ba ka ba da abin da ba naka ba. A babin istihƙaƙi, idan mai abu na asali ya kawo hujja, yakan karɓi abinsa, mai saye kuma ya koma kan wanda ya sayar masa. Wanda ya saya da sanin kayan sata ne kuwa ya shiga laifi. Arha, in ji Bahaushe, ba ta ado.

Me ya haɗa wannan da siyasa?

Wahalar duk ta samo asali ne daga yadda bayanan mota suka warwatse. Kwastan na da nata, Hukumar Kiyaye Haɗurra na da na lambobi, 'yan sanda na da rajistarsu ta CMR, Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta kafa VREG, kowace jiha kuma da ofishin lasisinta. Talaka yana biya a tagogi da yawa, amma babu taga ɗaya da za ta ba shi cikakken tarihin motarsa.

Giɓin da ke cutar da mai sayen tsohuwar Fijo shi ne ke cinye dukiyar jama'a. A watan Yunin 2023 'yan sanda suka kwashe motoci kimanin 40 daga gidajen tsohon gwamna Bello Matawalle a Gusau da Maradun. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce na jiha ne, tsohon gwamnan ya ƙalubalanci matakin, magana ta tafi kotu. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, tambayoyin su ne dai waɗanda ke sama: mece ce lambar jikin kowace mota, wa ya biya kuɗinta, da sunan wa aka yi rajista, kuma ta wace hanya ta sauya hannu?

Da kowace gwamnati na wallafa jerin motocin da ta saya da lambobin jikinsu, da sunan wanda aka ba wa ko ya saya a gwanjo, da irin wannan taƙaddama ba ta wuce yini guda ba. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tanadi ƙa'idar sayar da kadarorin gwamnatin tarayya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce. Matashin da ya iya karanta lambar jikin motar kakansa ya riga ya koyi rabin aikin bin diddigin ayarin motocin gwamna. Abin da ya rage shi ne ya ɗauki alƙalami ya tambaya.