Ƙara wa kwamfuta gudu: a nan ƙasar, zafin bazara ne alƙali

Masu haɗa bidiyon biki, masu situdiyon waƙa da samarin da ke wasanni a kwamfuta, kusan kukansu ɗaya ne: na'ura ta yi nauyi, kuɗin sabuwa kuma babu. Shi ya sa wasu ke gwada dabarar da masu gyara ke kira obakulokin, wato a tilasta wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta yi gudu fiye da yadda kamfani ya tsara mata. Abin yana yiwuwa. Sai dai yawancin masu koyar da shi a YouTube suna zaune ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 22 ba, mu kuwa a Maradi da Zinder da Tahoua, watan Afrilu da Mayu zafi kan haura 40.

Da farko, ba kowace kwamfuta ce ke yarda ba. Waɗannan tsofaffin Dell da HP na ofis da suka cika kasuwa, a kulle suke, kada ma mutum ya wahalar da kansa. A ɓangaren Intel, sai furosesar da lambarta ta ƙare da harafin K, a kan kart mer mai harafin Z. Na AMD Ryzen kuwa a buɗe suke zuwa, in dai kart mer ɗin mai B ne ko mai X. Kwamfutar hannu, a bar ta ta huta.

Lissafin ba wuya. Akwai agogon tushe mai bugawa a megahaz 100, sai wata lamba da ake ninka shi da ita. Mu ɗauki Core i5-2500K, wadda ta fito a 2011: lambarta 33, gudunta gigahaz 3.3, takan kai 3.7 in aiki ya matsa. Mutane da yawa sun kai ta 4.4. Ribar nawa ce? Bidiyon da ke cin awa guda wajen fitarwa ya dawo minti 50 ko kusa da haka. Riba ce, amma ba irin wadda ake zuzutawa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. In gudu ya ƙaru, furosesa takan buƙaci a ƙara mata ƙarfin wuta, zafi kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, gaba yake yi. Daga bolt 1.2 zuwa 1.35, ƙari ne ɗan kaɗan a ido, amma zafin da zai fito ya ƙaru da fiye da kashi 25 cikin 100, tun ba a lissafa na gudun kansa ba. Yawan wutar kuma yana cin furosesa sannu a hankali har ta daina riƙe gudun da take riƙewa a da. Kamfanin Intel ma da kansa ya amsa a 2024 cewa yawan wuta ne ya sa wasu furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 suke ta tsayawa, kuma wadda ta riga ta lalace sai dai a canza.

To yaya ake yi? Kafin a taɓa komai, a buɗe akwatin a kakkaɓe ƙurar hunturu, a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a sa sabo. Ƙaramar fankar da ta zo cikin kwali ba za ta iya wannan aiki ba, a nemo babba. A kwafe ayyukan mutane a ajiye a wani wuri, don kwamfutar da ke mutuwa tana tsakiyar aiki tana iya lalata fayil. In akwai ondular a haɗa, domin ɗaukewar kuran da dawowarsa da ƙarfi ba abokan wannan harka ba ne.

Sannan a shiga BIOS, a nemi inda aka rubuta CPU Ratio, a ƙara ɗaya tak. A tada na'ura, a sa mata manhajar gwaji irin su OCCT ko Prime95 na minti 20 zuwa 30, ana kallon zafi a HWMonitor. Ta riƙe? A koma a ƙara ɗaya. Ranar da allo ya yi shuɗi ko ta daskare, zaɓi biyu ne: a ja baya da taki ɗaya, ko a ƙara Vcore da ɗan abin da bai wuce 0.01 ko 0.02 ba. Ni dai ja da bayan nake zaɓa. A irin waɗannan tsofaffin na Intel, kada a wuce 1.35, kuma kada a bar wutar a kan Auto, don kart mer kan zuba fiye da bukata. In an samu inda ta tsaya, sai gwaji na awoyi da yawa.

Yawancin furosesocin Intel sukan rage gudu da kansu in sun kusa digiri 100, yawancin Ryzen kuma a 95. Kada a jira nan. In gwaji ya wuce 85, a sauko. Ga kuma abin da bidiyon Turawa ba ya faɗa: kowane digiri da ɗaki ya ƙara, kusan digiri guda furosesa ke ƙarawa. Saitin da ya nuna 75 da safiyar Janairu, shi ne zai nuna 90 da wani abu da azahar ɗin Afrilu a shago mai rufin kwano. Saboda haka a yi gwajin da tsakar rana, ko a ajiye saiti biyu a BIOS, na sanyi da na bazara.

In kuwa ta ƙi tashi gaba ɗaya, kada hankali ya tashi. A zare waya daga bango, a cire ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan kart mer, a jira minti biyar, a mayar. Saitin kamfani zai dawo.

A sani kuma, wannan aiki yana soke garanti. Wanda matsalarsa jinkirin tashi ce ko nauyin buɗe manhaja, ba furosesa ce ke riƙe shi ba. Ya sa SSD a madadin tsohon diski, ya ƙara RAM, zai ga bambanci tun ranar farko.